Yadda idon ɗan tsako ke ginuwa cikin kwana 21, da abin da likitocin ido ke nema a cikinsa

A gidajen da ke kewaye da rijiyar Kusugu a birnin Daura, kamar sauran gidajen ƙasar Hausa, da wuya a rasa akurki a wani lungu na tsakar gida. Idan kaza ta yi kwanci, uwargida kan ƙirga mata kwana 21. In kuwa ƙwan zabi aka sa mata, kamar yadda aka saba yi da damina, sai a ƙara kusan mako guda. Ranar da ɗan tsako ya fasa ɓawo, tun gashinsa bai gama bushewa ba idonsa a buɗe yake. Cikin kwana ɗaya ko biyu zai fara bin uwarsa yana tsintar tsaba a cikin yashi, da zarar inuwar shirwa ta gilma kuma ya ruga ƙarƙashin fiffikenta.

Makonni uku kafin wannan rana babu ido a cikin ƙwan, babu ƙashi, babu jijiya. Abin da ke akwai kawai shi ne wani ɗan farin tabo a saman gwaiduwa, wanda faɗinsa bai wuce na ƙwayar dawa ba. Daga wannan tabo ido ke fitowa, kuma idon da ta wasu fuskoki ya fi na ɗan Adam, domin yana rarrabe launukan da mutum ba ya gani. Masana kimiyyar halittu sun shafe shekaru suna bin diddigin wannan aiki, har suka gano rukunin ƙwayoyin gado da ke jagorantarsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne, waɗannan ƙwayoyin gado ba sa ajiye aiki bayan ido ya kammala. Da yawa daga cikinsu na ci gaba da aiki a idon tsuntsun da ya girma, wasu kuma da suka yi shiru kan farka idan ido ya ji rauni. A kan wannan farkawa ce masu neman maganin wasu nau'o'in makanta suka ɗora fatansu.

Tantanin da ke can ƙasan ido

Wanda ya taɓa leƙa rijiyar Kusugu ya san cewa ta baki haske ke shiga, amma ruwan da ake nema yana can ƙasa. Ido ma haka yake. Abin da ake gani daga waje ƙofa ce kawai da madubin da ke tattara haske. Ainihin gani yana farawa ne a wani siririn tantani da ke shimfiɗe a bangon baya na cikin ido, wanda likitoci ke kira ratina. A nan za a kira shi tantanin gani. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, amma a cikinsa akwai miliyoyin ƙwayoyin halitta da aka jera hawa-hawa, kowane hawa da aikinsa.

Hawa na farko shi ne na masu karɓar haske, kuma iri biyu ne. Akwai masu siffar sanda, waɗanda ke aiki a cikin ƙarancin haske, ana iya kiransu ƙwayoyin dare. Akwai kuma masu tsini, waɗanda ke rarrabe launi da ƙananan abubuwa idan haske ya wadata, su ne ƙwayoyin rana. Hawa na biyu na dillalai ne, masu karɓar saƙo daga hawan farko su miƙa gaba, tare da wasu ƙwayoyi da ke tace saƙon, su kwatanta abin da wannan wuri ya gani da abin da maƙwabcinsa ya gani. Hawa na uku shi ne na 'yan aike, waɗanda dogayen zarurrukansu ke haɗuwa su zama jijiyar gani, su kai saƙo ƙwaƙwalwa. A jijiyar ganin mutum akwai irin wannan zare miliyan ɗaya da 'yan kai, a ta kaza kuwa ya haura miliyan biyu. Sai kuma wasu dogayen ƙwayoyi da suka ratsa hawan uku kamar ginshiƙai, suna ciyar da sauran suna kwashe musu datti. Ana kiransu ƙwayoyin Muller, da sunan Bajamushen masanin da ya bayyana su a ƙarni na 19.

Littafi ɗaya, shafuka daban-daban

Kowace ƙwayar halitta a jikin kaza, ta ido ce ko ta hanta ko ta gashi, tana ɗauke da kwafin littafin gado iri ɗaya, wanda aka rubuta da sinadarin DNA. A shekarar 2004 aka wallafa cikakken karatun wannan littafi na kaza, kuma ita ce tsuntsu na farko da aka yi wa haka. Girmansa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na littafin ɗan Adam. Kowace ƙwayar gado kamar shafi ɗaya ce a cikinsa, mai ɗauke da umarnin haɗa wani sinadari.

Abin da ya bambanta ƙwayar ido da ta hanta shi ne shafukan da kowace ta buɗe. Idan aka ce ƙwayar gado tana aiki, ana nufin an buɗe shafinta, ana kwafe umarninta zuwa wani sinadari mai suna RNA, ana kuma haɗa abin da ta ce a haɗa. Masu bincike kan yanka tantanin gani siriri-siriri, su zuba masa rinin da ba ya kama komai sai kwafin ƙwayar gadon da suke nema. Duk inda launi ya fito a ƙarƙashin madubin ƙara girma, nan take aiki.

Wasu ƙwayoyin gado ba sa gina komai da kansu. Aikinsu shi ne su ba wasu umarni, su ce wannan shafi a buɗe, wancan a rufe. Matsayinsu kamar na sarkin magina ne, wanda ba ya kwaɓa ƙasa, amma ba a aza tubali sai da izininsa. Ƙwayoyin gadon da ke jagorantar ginin ido yawancinsu irin waɗannan ne, kuma mafi shahara a cikinsu ita ce Pax6.

Labarin Pax6

A shekarar 1991 aka gano cewa lalacewar wannan ƙwayar gado ce ke sa a haifi wasu ɓeraye da ƙananan idanu, kuma ita ce ke sa a haifi wasu yara ba tare da zoben nan mai launi da ke tsakiyar ido ba. Ɓeran da ya gaji lalatacciyar Pax6 daga uwa da uba gaba ɗaya ba ya yin ido sam. Daga baya aka gane cewa ƙudan da ke bin 'ya'yan itace ma yana da tasa irin.

A 1995, Walter Gehring da abokan aikinsa a Jami'ar Basel ta ƙasar Suwizalan suka kunna wannan ƙwayar gado a wuraren da ba nata ba a jikin ƙudan. Sai idanu suka tsiro a fukafukai da ƙafafu da kuma gashin da ke kan ƙudan. Da suka ɗauko Pax6 ta ɓera suka sa masa, nan ma ido ya fito, kuma idon ƙuda ne ya fito, ba na ɓera ba. Wannan ya nuna cewa umarnin "a fara ginin ido a nan" kusan iri ɗaya ne a ƙwaro da ɓera da tsuntsu da mutum, sai dai kowace halitta ta yi ginin da kayan da take da su. Shi ya sa abin da aka gano a ƙwan kaza ke da amfani ga likitan mutane.

Pax6 ba ita kaɗai ke aikin ba. Akwai abokan tafiyarta irin su Rax da Six3 da Lhx2, waɗanda ke kunna juna tun kafin a ga alamar ido, su keɓe wani yanki a gaban ƙwaƙwalwar da ke tasowa su mayar da shi filin ginin ido.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwai

Ƙwan kaza tsohon ɗakin karatu ne ga masana. Sama da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotal na Girka ya riƙa fasa ƙwai a kwanaki daban-daban na kwanci yana rubuta abin da ya gani, har ya lura da yadda idanu ke da girma tun da wuri. A 1951 Viktor Hamburger da Howard Hamilton a Amurka suka raba girman ɗan tsako a cikin ƙwai zuwa matakai 46, kuma har yau da wannan ma'auni ake aiki.

A cikin kwana na biyu na kwanci, wasu ƙullutai biyu kan ɓullo daga gefen ƙwaƙwalwa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ke nan tantanin gani wani ɓangare ne na ƙwaƙwalwa da ya leƙo waje. Kowane ƙullutu kan lotsa ciki ya zama kamar ƙoƙo mai ruɓi biyu. Ruɓin ciki shi ke zama tantanin gani, na waje kuma ya zama baƙin shimfiɗar da ke bayansa. Fatar da ke daura da bakin ƙoƙon takan yi kauri ta nutsa ciki ta zama madubin ido. Zuwa kwana na huɗu baƙin ya fara bayyana. Mai kiwon da ke haska ƙwai da tocila bayan mako guda don ware baragurbi, baƙin ɗigon da yake gani a tsakiyar jijiyoyin jini ido ne.

Da farko duk ƙwayoyin ruɓin ciki iri ɗaya ne, ba abin da suke yi sai rabuwa suna yawaita, kuma kusan dukkansu na ɗauke da Pax6 da wata mai suna Vsx2 a kunne. Daga nan sai su fara zaɓen sana'a bi da bi. 'Yan aike ne ke fara fitowa, tun wajen kwana na uku, bisa umarnin wata ƙwayar gado mai suna Atoh7. Masu tacewa da masu karɓar haske na biye, dillalai da ƙwayoyin Muller kuma su zo daga ƙarshe. Aikin kan fara daga tsakiyar tantanin ya bazu zuwa gefe. Kafin ƙarshen mako na biyu, yawancin ƙwayoyin sun riga sun samu. Akan ma samar da 'yan aike fiye da yadda ake buƙata, waɗanda zarensu bai sami mazauni a ƙwaƙwalwa ba sai su mutu.

Samun ƙwayoyin ba shi ne gani ba, sai sun nuna. Binciken da Suzanne Bruhn da Constance Cepko na Jami'ar Harvard suka wallafa a 1996 ya nuna cewa wajen kwana na 14 ake fara kunna ƙwayoyin gadon sinadaran da ke kama jan haske da kore, na ƙwayoyin dare su biyo baya da kwana guda, sannan na shuɗi da na shunayya wajen kwana na 16. A kwanakin ƙarshe na kwanci tantanin ya riga ya fara amsa haske, ɗan tsako yana cikin ɓawo.

Maginan da ba su tafi ba

Mutum zai zaci idan gini ya ƙare sai magina su kwashe kayansu. A tantanin gani ba haka abin yake ba. A 1997 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka bi sawun uku daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado a idon kaza, daga farkon kwanci har tantanin ya nuna. Suka ga cewa yayin da ƙwayoyi ke zaɓen sana'a, kowace ƙwayar gado kan janye daga wasu wurare ta kafu a wasu. Pax6 takan yi shiru a masu karɓar haske da dillalai, amma ta ci gaba da aiki a 'yan aike da masu tacewa. Vsx2 takan tattara ta koma ga dillalai. Wata mai suna Prox1 kuma ta fi ƙarfi a rukuni ɗaya na masu tacewa. Masu karɓar haske na da nasu shugabannin, wato Otx2 da Crx.

Dalilin zamansu yana da nasaba da yadda ido ke cin kansa wajen aiki. Ɓangaren da ke kama haske a ƙwayoyin dare da na rana yana zaizayewa kullum, ana zubar da tsohon daga sama ana haɗa sabo daga ƙasa. A dabbobi masu shayarwa, kusan kowane kwana 10 ƙwayar dare kan sabunta wannan ɓangare baki ɗaya. Dole ne a sami mai ba da umarnin haɗa sabon, kuma Crx na daga cikin masu wannan aiki. Mutanen da suka gaji lalatacciyar Crx kan rasa ganinsu, wasu tun suna jarirai, wasu sannu a hankali. A wani gwaji da aka yi a Faransa aka wallafa a 2010, an kashe Otx2 a idon ɓerayen da suka riga suka girma da lafiyayyen ido, sai masu karɓar haskensu suka riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan. Rijiya komai kyan gininta, in aka daina yashe ta sai ta cike.

A 2021, Joshua Sanes da abokan aikinsa a Harvard suka ɗauki dubban ƙwayoyi daga tantanin ganin 'yan tsaki suka karanta shafukan da kowace ɗaya ta buɗe. Suka ƙirga iri 136. Abin da ke ba kowane iri sunansa shi ne haɗin ƙwayoyin gadon da ke kunne a cikinsa.

Me ya sa shaho ke hango tsako, kaza kuma ke kwana da wuri

Mutum yana da ƙwayoyin rana iri uku. Kaza tana da huɗu masu rarrabe launi, ga kuma wasu tagwaye da ake ganin suna taimaka wa ganin motsi. A cikin yawancinsu akwai ɗan ɗigon mai, ja ko rawaya ko marar launi, wanda ke tace haske kafin ya shiga. Launin wannan mai daga abinci yake zuwa, na ɗan tsako kuma daga gwaiduwar da uwarsa ta tanadar masa. Sama da kashi 90 cikin 100 na masu karɓar haske a idon mutum ƙwayoyin dare ne, a idon kaza kuwa ƙwayoyin rana ne suka fi yawa. Shi ya sa da magariba ta gabato kaji ke neman akurki tun mutane na iya ganin hanya. Mujiya ita ce akasin haka, ƙwayoyin darenta sun rinjaya.

A tsakiyar tantanin ganin mutum akwai wani ɗan rami da ƙwayoyin rana suka cunkushe a cikinsa. Da shi ake karatu, da shi ake gane fuska da zura zare a allura. Shaho da mikiya suna da irin wannan rami har biyu a kowane ido. Ɓera, wanda aka fi yin gwaji da shi, ba shi da ko ɗaya. Kaza ba ta da ramin, amma tana da wani fili a tsakiya da babu ƙwayoyin dare a cikinsa, mai kama da na mutum. A 2017 ɗakin binciken Cepko ya nuna yadda ake shata wannan fili: a daidai wurin ana kunna wata ƙwayar gado mai suna Fgf8, ana kuma rushe wani sinadari da jiki ke samarwa daga bitamin A. Da aka hana hakan, ƙwayoyin dare suka mamaye filin.

Tantabara, wadda 'ya'yanta ke ƙyanƙyashewa ido rufe, tana da ramin. Masu bincike a Jami'ar Janeba sun ruwaito a 2016 cewa a ƙwan tantabara ana jinkirta fitowar 'yan aike da 'yan kwanaki idan aka kwatanta da kaza, har sai tantanin ya ƙara girma. Ƙwayoyin gadon iri ɗaya ne, bambancin lokacin kunna su ne ke taimakawa wajen samar da ido mai kaifi.

Tantanin da ke ƙoƙarin gyara kansa

Akwai wani ɗan kifi mai zane da ake gwaji da shi, wanda idan tantanin ganinsa ya lalace yakan sake gina shi ya ci gaba da gani. Mutum ba ya iya wannan ko kaɗan. Tsuntsu yana tsakanin biyun. Tun a 1965 aka nuna cewa idan aka cire tantanin ganin ɗan tsako a kwana na huɗu na kwanci, baƙin shimfiɗar da ke baya na iya rikiɗewa ya zama sabon tantani idan aka sa ɗan guntun tantanin gani a cikin idon. Bayan ɗan lokaci kaɗan wannan dama takan wuce.

A shekarar 2000, Andy Fischer da Thomas Reh na Jami'ar Washington da ke Seattle suka gano cewa ko bayan ƙyanƙyasa akwai wani siririn zobe a bakin tantanin ganin ɗan tsako, inda wasu ƙwayoyi ke ci gaba da rabuwa, kuma Pax6 da Vsx2 na kunne a cikinsu kamar yadda suke a cikin ƙwai. A 2001 suka ƙara da abin da ya fi wannan. Da suka raunata tantanin 'yan tsaki da wani sinadari, sai ƙwayoyin Muller suka fara rabuwa, suka sake kunna Pax6 da Vsx2 da wata mai suna Ascl1, suka koma kamar ƙwayoyin farkon kwanci. Kaɗan daga cikinsu ne suka kai ga zama sababbin ƙwayoyin jijiya, yawancinsu sun tsaya a rabin hanya, kuma ƙarfin yin hakan na raguwa yayin da tsuntsun ke girma.

Darasin ya yi amfani. An lura cewa ƙwayoyin Muller na ɓera ba sa kunna Ascl1 idan ido ya ji rauni. A 2017 ɗakin binciken Reh ya kunna musu ita da gangan tare da wani magani, sai ɓerayen da suka girma suka samar da sababbin ƙwayoyin jijiya a tantaninsu, waɗanda suka haɗu da na asali suna amsa haske. Kafin wannan, a 2006, masu bincike a Jami'ar Florida sun yi aiki da wani irin kaji da ake ƙyanƙyashewa makafi saboda lalacewar ƙwayar gado ɗaya, irin wadda ke makantar da wasu jarirai. Suka sa lafiyayyen kwafinta a cikin ƙwai, kuma yawancin 'yan tsakin da aka yi wa haka sun fito suna gani. A watan Disambar 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko na irin wannan hanya ga mutane, don wani nau'in makantar gado da ba shi da yawa.

Inda abin ya shafi Najeriya

Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13, kuma matsalar ta fi tsanani a Arewa. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido kuma kashi 16.7. Binciken ya ce kashi 84 cikin 100 na makantar ana iya kauce mata ko a magance ta.

Bambancin waɗannan cututtuka biyu shi ne ya sa binciken idon tsuntsu ke da muhimmanci. Yanar ido dusashewar madubi ce, ana cire shi a sa na roba mutum ya koma gani, kuma ana yin wannan aiki a wurare irin su Cibiyar Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA da ke Kano. Hawan jinin ido kuwa 'yan aike yake kashewa, ciwon sukari kuma yana lalata tantanin gani. Abin da ya mutu a nan ba ya dawowa, domin ƙwayoyin Muller na mutum ba sa farkawa. Har yanzu babu asibitin da ke sake tsirar da tantanin ganin mutum a ko'ina a duniya, aikin yana matakin gwaji a dabbobi. Duk wanda ya ce yana da maganin da zai dawo da ganin da hawan jinin ido ya cinye, kuɗin mutane yake nema. Abin da ke hannu a yau shi ne gwajin ido a kai a kai, musamman ga wanda ya haura shekara 40, ko mai ciwon sukari, ko wanda wani a danginsa ya makance da hawan jinin ido, domin magani na iya tsare abin da ya rage idan an gano da wuri.

Akwai kuma dama ga jami'o'in ƙasar nan. Ƙwai mai zakara ba shi da tsadar ɓerayen gwaji, kuma ana iya buɗe ƙaramar taga a ɓawonsa a kalli ginin ido yana gudana. Cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta samar da kazar ƙwai ta Shika Brown, shaida ce cewa akwai masaniyar kaji a Arewa. Ga kuma zabo, tsuntsun da asalinsa na Afirka ne, wanda ke cika kasuwannin Daura da Mai'adua.

Abin da mai kiwo da iyaye za su ɗauka

Ƙwayoyin gado na ba da umarni, amma abinci da haske na shafar yadda ake aiwatar da shi. Bitamin A shi ne tushen sinadarin da ke kama haske a ido, shi ya sa ƙarancinsa ke jawo wa mutum dundumi. Daga gare shi ne kuma jiki ke samar da sinadarin da ke kunna wasu ƙwayoyin gado lokacin ginin ido. Farar masara da dawa ba su da shi sosai, masara mai launin rawaya da ɗanyen ganye irin na zogale sun fi su. Kazar da ake son ta yi kwanci tana buƙatarsa domin ta zuba shi a gwaiduwa. Idan idon kaji ya kumbura ko yana fitar da ruwa, likitan dabbobi ne zai rarrabe ko ƙarancin abinci ne ko cuta.

Masu kiwon kajin nama da dama kan bar fitila a kunne dare da rana don kajin su yi ta ci. Tun a 1957 aka ruwaito cewa 'yan tsakin da aka rena a hasken da ba ya yankewa idonsu kan yi girma fiye da kima. Masana kiwon kaji na ba da shawarar a bar musu wasu awanni na duhu a kowace rana. Haske kafin ƙyanƙyasa ma yana da tasiri. Lesley Rogers ta Ostireliya ta nuna cewa a kwanakin ƙarshe ɗan tsako kan juya kansa ta yadda idon dama ke fuskantar ɓawo yana samun haske, na hagu kuma jikinsa ya rufe shi. Wannan ke sa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu su raba aiki. A gwajin da ita da abokan aikinta suka wallafa a 2004, 'yan tsakin da ƙwansu ya sami haske sun iya tsintar tsaba a cikin tsakuwa suna kuma lura da siffar shaho a sama a lokaci guda, waɗanda aka ƙyanƙyashe a duhu kuwa haɗa ayyukan biyu ya yi musu wuya.

Darasi na ƙarshe na yara ne. A 1978 Josh Wallman da abokansa a birnin New York suka nuna cewa idan aka dusashe ganin ɗan tsako, ƙwayar idonsa takan yi tsawo fiye da kima, ya daina gani daga nesa. Daga baya aka gane cewa tantanin gani da kansa ke aika saƙon da ke cewa ido ya ci gaba da girma ko ya tsaya, kuma haske mai ƙarfi na rage wannan tsawo a idon 'yan tsaki. An gwada abin a yara. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin, an ƙara wa ɗaliban firamare minti 40 na zama a waje kowace ranar makaranta, kuma sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa bayan shekara uku kashi 30 cikin 100 nasu ne suka kamu da matsalar rashin gani daga nesa, a sauran makarantun kuwa kusan kashi 40. Ga iyayen birni da 'ya'yansu ke fita daga aji zuwa darasin yamma, daga nan kuma su kama waya, maganin ba ya buƙatar kuɗi: a bar yaro ya sami lokacin wasa a tsakar gida ko a fili da rana.